Ko An Ɗauke Wuta, Maganaɗisun MRI Na Nan Daram

Idan likita ya tura ka daga Rogo ko Karaye zuwa Kano a yi maka hoton MRI, za ka sha tambaya: akwai ƙarfe a jikinka? Ka taɓa aikin walda? Kar ka ƙosa.

Injin da aka fi amfani da shi ƙarfinsa tesla 1.5 ne. Wato ya ninka maganaɗisun duniyar nan, mai juya allurar kamfas, kusan sau 30,000. Kuma ba a kashe shi. Wayoyinsa na jiƙe cikin ruwan hiliyom mai tsananin sanyi, lantarki na ta zagaye a ciki, ko an ɗauke wuta.

A 2001, a jihar New York ta Amurka, irin wannan inji ya fizgo tukunyar oksijin, ta bugi yaro ɗan shekara 6 a ka, ya rasu.

Makulli da fil ɗin hijabi, ajiye su waje ba wuya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɓarɓashin ƙarfen da ya shige idon mai walda tun shekarun baya, har ya manta. Maganaɗisun na iya motsa shi, ido ya lalace. In kai ne, faɗa wa ma'aikacin, a fara yi maka hoton eksire.