Maharbi Da Na'urar Ɗaukar Hoto: Ina Iyakar Shari'a?

'Yan'uwa Musulmi, a yau mun ga wata al'ada ta yaɗu: mutum ya fita daji farauta, bindiga a hannu guda, wayar salula a ɗaya, yana ɗaukar bidiyo don ya nuna wa jama'a. Ya kamata mu auna wannan da ma'aunin Shari'a.

Ita dai farauta halal ce, kamar yadda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta nuna. Amma a Risala, Ibn Abi Zaid ya bayyana cewa farauta don wasa makaruhi ce. Saboda haka wanda ya harbi gada ba don nama ba, sai don hoton ya yi kyau, to ya binciki niyyarsa. In kuwa yabon mutane yake nema, alfahari ya shigo.

Babban haɗarin shi ne wannan. Malamanmu na Malikiyya sun ce idan maharbi ya tarar da dabba da sauran rai, harbin bai huda makasarta ba, wajibi ne ya yanka ta nan take. Idan ya tsaya gyara na'ura yana ɗaukar yadda take shure-shure har ta mutu, ta zama mushe. Wanda ya kai irin wannan nama kasuwa ya ciyar da Musulmi haram, kuɗinsa ma haram ne. Haka nan, kada shagala da hoto ta sa a bar Bisimilla lokacin harbi.

Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna gwajin harbi a kansa, ya gaya musu Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai yin haka. To, ina ga wanda ya ƙyale karnuka su yi ta yagar dabba don masu kallo su yi shewa?

Sai kuma dokar ƙasa. An hana farauta a gandun daji irin na Yankari, wanda aka keɓe a 1956, kuma tun 1985 Nijeriya ta kafa dokar kare namun dajin da ke gab da ƙarewa. Hoton mai keta doka shaida ce a kansa.

Shawararmu ita ce: a ba wani na'urar ya riƙe, a wasa wuƙa, a gaggauta yanka, kada a ɗauki fuskar kowa sai da izininsa. Allah Ya sa mu dace, amin.