Harafi Na Huɗu

Shirin yau na masu rubuta wa kwamfuta jerin umarni ne a harshen shell, kuma tambayarmu ɗaya ce: ta yaya za ka gane ko fayil zai kunnu a matsayin manhaja?

A Linux ko macOS, amsar a bakin kowa take: test, karan ɗori, x. Ka rubuta, ka wuce.

Da can ba haka ba ne. Tsarin 4.3BSD, wanda Jami'ar California da ke Berkeley ta fitar a 1986, umarnin test ɗinsa bai san x ba sam. To, masu kula da Autoconf, manhajar da David MacKenzie ya fara a 1991, so suke rubutunsu ya yi aiki a kowace na'ura, tsohuwa da sabuwa. Ku ji dabarar da suka yi, don ni ta burge ni. Rubutun zai fara gwada test da x a kan uwar folda. In na'ura ta ce ba ta gane ba, sai ya kira umarnin ls, ya ɗauki layin bayanin fayil, ya ƙirga haruffa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. In harafi na huɗu x ne, ko s, shi ke nan, an ce fayil zai kunnu. Harafi na huɗu fa!

Sai dai harafin nan izinin mai fayil yake nunawa, ba lalle naka ba. Maneji ne kawai aka yi. A 2012, da Autoconf 2.69, aka yi sallama da dabarar, aka koma tambaya biyu a jere: test da f, sannan test da x. Me ya sa biyu? Saboda ita ma folda tana amsa x, alhali izinin shiga take nufi.

Lokaci na kora mu. Windows ita wutsiyar suna take dubawa, irin su exe. In kuma manhaja kake nema da sunanta, ƙa'idar POSIX umarnin command, karan ɗori, v ta sani, ba umarnin which ba. A 2021 an so a yi wa which ritaya a Debian, kwamitin fasaharsu ya ce a bar shi.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.