Sitaren, Shaidar Mai a Cikin Dutse

Mai haƙa rijiya a Kankiya ko Kusada, in ya wuce jar ƙasa da marmara, sai ya tarad da dutse. Dutsen nan narkewa ya yi ya daskare, yau shekara wajen miliyan 600, saboda haka ba a sa ran man fetur a cikinsa. Mai sai a dutsen da asalinsa laka ne, irin na ƙasar Sakkwato, inda teku ya kwanta shekara wajen miliyan 60 da suka wuce.

To, da me masana ke shaida shi? Da wani abu da suke kira sitaren. Asalinsa maiƙo ne na jikin tsiro da dabba, dangin kolestarol. In halitta ta mutu laka ta binne ta, sai maiƙon ya rikiɗe, amma ƙashin gininsa, wato zobba huɗu na kabon, ba ya rushewa. Mai kabon 27 yawanci daga halittun teku yake, mai 29 kuwa galibi daga itatuwan tudu.

Abin mamaki a nan shi ne aikin yumɓu. A 1975 masana a Faransa suka nuna cewa tsamin yumɓu yakan gusar da wasu rassan ginin, har a sami wani iri, dayasitaren. Don haka yakan yawaita a dutsen laka irin na Dange, ya yi ƙaranci a farar ƙasa irin ta Kalambaina. Amma fa zafin ƙarƙashin ƙasa shi ma yana ƙara yawansa, shi ya sa ba a yanke hukuncin haƙa rijiyar mai da wannan awo kaɗai.