Ladan mahayin sukuwa: wa ke biya, kuma nawa?

Ranar sukuwa, ko a Dutse ko a filin sukuwa na Kano, sunan mai doki ake kira idan an ci kofi. Yaron da ya kwanta a wuyan dokin, ƙura ta cika masa ido, yawanci abin da ubangida ya ga dama shi ne rabonsa: tukuici, kuɗin cefane, wani lokaci babur. Ba takarda, ba inshora. In ya faɗi ya karye, sai mai ɗori.

A Amurka mahaya sun kafa ƙungiyarsu, Jockeys' Guild, tun 1940, saboda irin wannan rauni. A Ingila kuwa kowane hawa da kuɗinsa tsayayye, ga kaso daga kyautar.

Amma masu dawakinmu ma suna da abin faɗa. Doki ba ya azumi. Kullum sai gero ko dawa, harawa, dusa da kanwa, ga ɗan barga, ga likitan dabbobi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, hatta motar da za ta ɗauko doki daga kasuwar Maigatari ta zama abin lissafi. Kyautar gasa da wuya ta mayar da kuɗin turke, shi ya sa zancen ƙarin lada ke tsayawa a bakin barga.