Hunturu da Ƙarshen Ƙuruciya a Gajeren Labari

Ɗaliban adabi sun saba da jin cewa lokacin sanyi a labaran Turawa alama ce ta mutuwa da tsufa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta isa ta buɗe labarin "Araby" na James Joyce ba, wanda ya fito a littafinsa Dubliners a shekarar 1914.

Labarin na wani yaro ne da ke zaune wurin kawunsa a birnin Dablin na ƙasar Ailan. A can, cikin watan Disamba, rana takan faɗi wajen ƙarfe 4 na yamma, saboda haka yaran unguwa a cikin duhu suke wasansu, sanyi yana cizon su, su kuwa ba su damu ba. Wato a farkon labarin sanyi ba abokin gaba ba ne, filin wasa ne. Sai yaron ya kamu da son yayar abokinsa Mangan, wadda yakan hango a bakin ƙofa hasken fitila yana dukan ta. Da ta yi masa zancen wata kasuwar baje koli mai suna Araby, sai ya yi alkawarin kawo mata tsaraba. Ran tafiya kawun bai dawo gida ba sai ƙarfe 9 na dare, sannan ya ba shi fataka. Ya isa an rufe yawancin rumfuna, ya tarar da wata mai saye da sayarwa tana hirar banza da samari biyu, bai sayi komai ba, aka kashe fitilu. A wannan duhu ne ya gane wautarsa.

An yi wannan baje koli da gaske a Dablin, amma a watan Mayu na 1894. Joyce kuwa da hunturu ya buɗe labarinsa, domin duhu yake bukata. Duhun farko ya ɓoye wa yaron duniya, na ƙarshe ya nuna masa kansa.

To, yaya mai karatu a Lausu ko Kibiya, a ƙasar Rano, zai ɗauki wannan? Hunturunsa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, ba ƙanƙara, kuma yini ba ya gajarta ƙwarai. Abin da ya sani shi ne hazo, da kaushi, da jin ɗumi a gindin wutar kara. Ba kuma lokacin mutuwa ba ne, gama an gama kaka, gero da dawa suna rumbu, ana bukukuwan aure.

Duk da haka, a nan ma hunturu ne ke raba yaro da ƙuruciya. A al'adar da, a wannan lokaci wanzami yake yi wa yara masu shekara bakwai ko sama da haka kaciya, domin an ɗauka miki ya fi saurin warkewa cikin sanyi. Akan kwantar da su ɗaki guda, ana ciyar da su da kyau, wanda ya yi raki kuwa tsararrakinsa ba sa mantawa. Yanzu da yawa ana yi tun suna jarirai a asibiti, abin da ya rage wa al'adar nauyi. Bayan kaka ne kuma malami yakan ɗebi almajirai ya tafi da su, su yi ta karatun allo da asuba a hasken karan da suka roro, samari kuma su kama hanyar Kano cin rani.

Bambancin yana nan: yaron Hausa a bainar jama'a yake girma, da rana sananniya da shaidu, har da sabuwar riga. Yaron Joyce shi kaɗai ya girma, ba wanda ya sani, ko kawunsa. Marubucin da ke son kafa irin wannan labari a Lausu ba sai ya aro duhun Dablin ba. Hazo ya ishe shi: yakan rufe duwatsun Rano da safe har a zaci babu su, yakan sa abin da ke nesa ya yi kyau, sai an matso a tarar da ƙura ce kawai.