SHANYEWAR ƁARIN JIKI: LOKACI SHI NE RABIN MAGANI

Daga Wakilinmu

A ƙasar Gumel, tun daga Maigatari har Gagarawa da Sule Tankarkar, idan magidanci ya wayi gari bakinsa ya karkace, hannu ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe, akan ce iska ce ta buge shi, sai a shiga turare da shafe-shafe, a yini ana jiran sauƙi. Wannan jira kuwa shi ne babban abokin gaban majiyyaci.

Likitoci sun bayyana cewa mafi yawan wannan ciwo gudan jini ne ke toshe jijiyar da ke shayar da ƙwaƙwalwa. Wani lissafi da aka buga a Amurka a 2006 ya nuna cewa a kowane minti ɗaya ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan biyu ke mutuwa idan babbar jijiya ta toshe.

Tun 1996 aka amince da allurar narkar da gudan jini a Amurka, amma galibi sai cikin awa huɗu da rabi ake yin ta, kuma sau da yawa babban guda yakan gagare ta. A 2015 gwaje-gwaje biyar, na farkonsu a ƙasar Holan, suka tabbatar da wata dabara, watau a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har zuwa ƙwaƙwalwa, a kamo gudan da 'yar ragar waya ko a zuƙo shi, jini ya ci gaba da gudana. Da fari wa'adin awa shida ne, a 2018 aka gano wasu majiyyata kan amfana har zuwa awa 24.

To, amma aikin na bukatar ƙwararru da na'urori masu tsada. Kafin kome kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin wani ciwon fashewar jijiya ce, wanda allurar za ta ƙara tsananta shi. Daga Gumel zuwa Kano, inda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yake, kimanin kilomita 120 ne. Wanda aka ɓata masa yini a gida, ko ya isa, ya makara.

Binciken SIREN, wanda aka gudanar a Nijeriya da Gana har da Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo ciwon. Awon jini kuwa minti kaɗan ne a Babban Asibitin Gumel.

Saboda haka ya kamata ma'aikata da ɗalibai, waɗanda iyaye ke jin maganarsu, su riƙe abu biyu: a riƙa awon jini, sa'an nan da zarar an ga alama, a lura da lokacin da ta fara, a nemi mota nan take. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.