Agogon da ke ƙirga zagayen motar tsere: yadda ake ɗaura shi, da abin da ke sa shi ƙarya

A watan Oktoba na 1997, a filin tseren Jerez da ke ƙasar Sifen, direbobi uku na gasar Formula One suka fita gwajin neman gurbin farko. Jacques Villeneuve ya zagaya filin a minti 1 da daƙiƙa 21.072. Michael Schumacher ya fita, agogo ya nuna 1:21.072. Heinz-Harald Frentzen ma ya fita, sai ga wannan lambar dai. Villeneuve aka bai wa gurbin, saboda shi ya fara yin lokacin. Da yatsan mutum ne ke danna agogon, babu wanda zai ma san an yi kunnen doki har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Waɗancan manya ne masu kuɗi. Ni waɗanda suka fi burge ni su ne masu tseren sha'awa. A Amurka akwai wata gasa mai suna 24 Hours of Lemons, wadda Jay Lamm ya fara a 2006 a jihar Kalifoniya. Dokarta ita ce kada kuɗin motar ya wuce dala 500, ban da kayan kare rai. Sunan ma zolaya ce: Amurkawa na kiran motar da ta zama ƙarfen ƙafa da sunan lemon tsami, sannan ana shaguɓe ga babbar gasar Le Mans ta Faransa. Abokai kan haɗa kuɗi su sayi akwalar mota, su gyara da hannunsu, su riƙa karɓa-karɓar tuƙi, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Irin waɗannan ba su da injiniyoyi a bayansu. Idan agogon zagayensu ya rikice, su ne za su tsuguna su gano dalili.

Da farko a bambance abu biyu. Akwai na'urar masu gasa, ɗan ƙaramin akwati da ake ɗaurawa a motar, wanda ke aika lambar motar ga wata waya da aka binne a kwalta daidai layin ƙarshe. Kamfanin MYLAPS na ƙasar Holan ya yi suna wajen ƙera ta. Da ita alƙalai ke ƙirga. Ana ɗaura ta ƙasa-ƙasa, ba tare da ƙarfe ya shiga tsakaninta da kwalta ba. In aka yi sakaci, mota za ta yi ta zagaye ana ƙona mai amma a takardar alƙalai babu komai. Sai kuma agogon cikin mota, wanda direba ke gani a gabansa don ya san ko yana ƙara sauri ko yana ja baya. A kansa za mu tsaya.

Tambayar da kowane agogo ke amsawa guda ce: yaushe motar ta tsallake layi? Hanyoyi uku aka fi sani. A filayen ƙananan motocin tsere na yara da matasa ana binne maganaɗisu a kwalta, na'urar da ke ƙarƙashin motar ta ji shi idan ta bi ta kai. Hanya ta biyu ita ce fitilar da ake kafawa a gefen hanya, mai fitar da hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin ɗinku, motar kuma tana da idon da ke karɓarsa. Ta uku, wadda ta fi yaɗuwa yanzu, ita ce GPS.

Taurarin GPS suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kuma na'ura tana buƙatar jin aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta san inda take. Babu layi na zahiri a nan. Kai ne za ka gaya wa na'urar cewa ga wurin da layin yake, ita kuma ta riƙa duba ko ta wuce shi. A nan lissafin aji ɗaya na babbar sakandare yake shigowa. Motar da ke gudun kilomita 144 a awa tana cin mita 40 a kowace daƙiƙa. Yawancin wayoyin hannu sau ɗaya a daƙiƙa suke sabunta wurin da suke. Kenan tsakanin dubawa da dubawa motar ta yi mita 40 wayar ba ta gani ba. Na'urorin da aka ƙera don tsere, irin su AiM Solo, suna dubawa sau 10 ko fiye a daƙiƙa, sai giɓin ya ragu zuwa mita 4.

To yaya waya ke ba da lokaci har da ɗigo? Ƙiyasi take yi. A ce dubawa ta farko ta same ka mita 10 kafin layi, ta biyu mita 30 bayan layi. Tazarar duka mita 40 ce a daƙiƙa ɗaya, don haka sai ta ce ka tsallake a kashi 10 cikin 40, wato daƙiƙa 0.25 bayan dubawa ta farko. Lissafin daidai ne matuƙar gudun bai canza ba. Shi ya sa masu hankali ba sa sa layi a kwana ko inda ake taka birki, sai a miƙaƙƙiyar hanya. Wannan ɗan bayanin kaɗai ya ishe ka ka gane dalilin da abokai biyu za su zagaya tare amma wayoyinsu su saɓa.

Wajen ɗaurawa, abu na farko ba na lissafi ba ne, na rai ne. Na'urar da aka manna da roba mai tsotso a gilashi za ta iya faɗuwa da jijjiga, ta gangara ƙarƙashin birki. Don haka ake ƙara ɗaure ta da igiya ko waya a jikin wani ƙarfe, kuma a sa ta inda direba zai gan ta da gefen ido ba sai ya sunkuya ba. Bayan wannan sai eriya. Tana son ganin sama fili. Rufin ƙarfe yana tare saƙon taurari, wasu gilasan gaba masu siririn ƙarfe a ciki ma haka, shi ya sa ake fitar da eriyar kan rufin motar.

Sai wuta. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota na kashe, ya hau wajen 14 idan inji na aiki. Amma lokacin da ake tayar da inji yakan faɗi zuwa 10 ko ƙasa, kuma a wannan faɗuwar agogo kan ɗauke ya sake kunnawa. A gasar da ake canza direba ana kashe mota ana tayarwa, wannan na nufin sabon direba zai fita agogo na can yana laluben taurari. Maganinsa a ja masa waya ta kansa mai fis, a ɗaure wayar jikin mota a kan ƙarfe da aka kankare fenti da tsatsa. Duk wanda ya taɓa zama a garejin mai gyaran wayarin ya san da yawa daga cikin matsalolin da ake kawo masa daga sakwarkwacewar wannan wayar suke. Sannan a nisanta wayoyin agogo da na fulogi, domin tartsatsin fulogi yana haifar da hayaniyar lantarki da ke rikita na'ura. Akwai fulogin da aka yi musamman don rage wannan.

Idan an gama ɗaurawa kuma agogo ya ƙi ƙirgawa sam, kada a yi saurin cewa ya mutu. A fara duba taurari nawa yake ji. Na'urar da ta daɗe a kashe, ko aka yi doguwar tafiya da ita, takan ɗauki mintuna a fili kafin ta gano inda take, kuma a cikin rumfar kwano ba za ta gano ba. Idan taurari sun cika, a duba ko filin da aka zaɓa a jerin na'urar shi ne wanda ake ciki, domin fili guda kan iya samun tsari biyu ko uku. Mai amfani da fitilar gefen hanya kuwa ya duba ko idon motar na kallon ɓangaren da fitilar take, ko batirin fitilar ya yi sanyi, ko rana mai faɗuwa na dukan idon kai tsaye. Akwai kuma abin dariya: wata ƙungiya ta kafa fitila irin taku can gaba kaɗan, agogonku ya riƙa amsa tasu.

Matsalar da ta fi yaudara ita ce agogon da ke aiki amma yana ƙarya, kuma ita ce ta kama ni. Ba ni da motar tsere, keke gare ni. A hutun da ya wuce na saukar da manhajar RaceChrono, na zaɓi filin ƙwallon unguwarmu da sassafe, ƙanena yana riƙe da agogon hannu don mu kwatanta. Zagayen farko ya nuna mini lokacin da ko ɗan tseren duniya ba zai yi ba. Har na fara murna, sai ƙanena ya ce, "Yaya, ko rabi fa ba ka yi ba." Ashe layin da na shata ya yi faɗi da yawa, har ya kai ɗaya gefen filin, don haka duk zagaye sau biyu nake tsallake shi. Haka take faruwa a filayen tsere na gaske inda hanyoyi biyu suka bi kusa da juna. Ana gyara ta ta hanyar rage faɗin layin, ko a gaya wa na'urar mafi ƙarancin lokacin da zagaye zai iya ɗauka. Idan zagayenka na daƙiƙa 60 ne, ka sa 45, duk tsallakawar da ta zo kafin nan sai ta yi watsi da ita.

Na rage layin, amma taswirar zagayena ta ci gaba da karkacewa kamar tafiyar maciji. Wannan karon laifin aljihu ne: jikina yana tare rabin sama. Da na ɗaure wayar a kan kan keken da roba, zanen ya miƙe. A gudun kilomita 18 a awa keke mita 5 kawai yake ci a daƙiƙa, saboda haka dubawa ɗaya a daƙiƙa ta wadatar, kuma lokutan waya da na ƙanena suka matso kusa da juna. Ɗan bambancin da ya rage mun yi ta musu a kansa har gida, shi yana cewa wayata ce, ni ina cewa yatsansa ne.

Wanda zai gwada a cikinku, ya nemi fili da babu ababen hawa, ba titi ba, kuma ya bar duba allo sai ya tsaya. Ya rubuta lokutan zagaye 10 daga waya da kuma daga agogon hannu, ya cire ɗaya daga ɗaya, ya ga ko bambancin kullum gefe guda yake karkata. Idan gefe guda ne, a fara duba ko layin waya da inda mai agogo ke tsaye wuri ɗaya ne.